Me ya hana atam rugujewa?

Wanda ya yi kemistiri a SS1 ya tuna haddar nan ta 2, 8, 8. To daga ina ta fito?

A 1911, a Manchester ta Ingila, Ernest Rutherford ya nuna cewa atam na da ƙaramar cibiya mai nauyi, su ilektiron kuma suna waje da ita. Sai dai akwai matsala babba. A lissafin wancan zamanin, ilektiron da ke kewaya cibiya dole ya riƙa zubar da kuzari har ya faɗa cikinta, kafin ƙiftawar ido. Wato da haka ne, da ni da ku da wayar da ke hannunku babu mu.

A 1913 wani matashi ɗan Denmak, Niels Bohr, mai shekara 27, ya ce ilektiron ba ya zama inda ya ga dama. Matakai ne ƙayyadaddu, kamar na tsani, kuma sai ya diro daga na sama zuwa na ƙasa yake fitar da haske. Lissafinsa ya dace da haidurojin cif. Da aka zo kan hiliyam, mai ilektiron biyu kacal, sai ya cije.

Me ya sa matakin farko yake cika da biyu? Wolfgang Pauli ne ya amsa a 1925: ilektiron biyu ba sa taɓa zama a hali ɗaya sak. In gurbi ya cika, na gaba sai ya hau sama.

Shi ya sa sodiyam yake 2, 8, 1, kulorin kuma 2, 8, 7. Ɗaya ya ba da, ɗaya ya karɓa, ga gishirin miyarku nan.