Hanyar fatake da masu ziyarar Katolika, daga Dapaong zuwa Togoville

Ku da ke bin babbar hanyar nan daga Sinkase zuwa Lome, ko ku da ke tsallaka ta da shanu: wataƙila kun taɓa yin kiciɓis da motoci cike da mata sanye da atamfa iri ɗaya, suna waƙa, kowace da carbi a hannu, ga tabarmi da tukwane an ɗaure a bisa. Wani zai ce 'yan biki ne. To, 'yan Katolika ne za su ziyarar ibada, kuma tafiyar takan ci kwana uku ko huɗu. A cikin dukan matafiyan da suka taka wannan hanya su ne 'yan auta, kuma akwai dalilin da ya sa suka makara.

Sunan garin Mango da kansa shaida ne. Sansanne da Turawa suka rubuta a taswira, kalmarmu ce ta Hausa, sansani. Anufo, waɗanda ake kira Cakosi, mayaƙa ne da suka taso daga ƙasar Ano, cikin Kwaddibuwa ta yau, suka kafa sansaninsu a bakin kogin Oti a tsakiyar ƙarni na 18. Daga nan garin ya zama zangon fataken goro. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya yada zango a Mango, ya zarce Salaga cikin ƙasar Gonja, ya komo da goro a bayan jakuna. Wani reshen hanyar kuma ya bi ta Jugu da ƙasar Kotokoli, wajen Sokode. Malamai suka biyo fatake, masallatai suka biyo malamai. Mai niyyar hajji a wancan zamani da ƙafa yake tafiya, ya bi ta Kano da Barno da Sudan, wani ya shekara bakwai bai dawo ba, wani ma can ƙasa ta rufe masa ido. Saboda haka barin gida don ibada, mutanen arewacin Togo sun san shi tun kafin a ga fada ko ɗaya a ƙasar.

Fada-fadan Jamusawa sun sauka Lome a 1892. Ka ce da sun sauka sai su miƙe arewa, amma gwamnatinsu ce da kanta ta tare su. A 1907 gwamnan Jamus ya rufe yankunan Sokode da Mango ga 'yan mishan. Sarakunan Musulmi su ne ke tara musu haraji da 'yan aiki da sojoji, ba su son abin da zai ɓata wannan tsakani. Kar ka ɗauka ƙaunar Musulunci ce, lissafin mulki ne kawai. Sai wajen 1912 aka sassauta, aka buɗe mishan a Alejo, bisa dutsen nan da direbobin manyan motoci suka sha wuya a tsagarsa kafin a yi hanyar kewaye. Ko zama ba su gyara ba yaƙi ya ɓarke, Jamus ta rasa Togo a watan Agusta na 1914, daga baya aka kwashe fada-fadan Jamusawa gaba ɗaya.

Shi ya sa komai na Katolika a arewa sabo ne. Sokode ta samu shugabancin cocinta a 1937, ta samu matsayin bishop a 1955. Dapaong kuwa sai 1960 aka yanke ta daga Sokode, ta zama ta bishop a 1965, kuma na farko Bafaranshe ne, Barthélemy Hanrion. Mango, duk da tsufanta da girman sunanta, ba ta samu kujerar ba, don gari ne na Musulmi. Mabiyan cocin sun fi yawa a cikin Moba da Gurma na wajen Dapaong, da Kabiye da Nawda na wajen Kara.

To, ina suke zuwa? Babban wurin ziyara na ƙasar yana can kudu, Togoville, a bakin tafkin Togo, garin da ƙasar ta ari sunansa. Akwai tsohon coci na zamanin Jamus a can, na wajen 1910. Tun watan Nuwamba na 1973 aka keɓe wurin don girmama Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, kuma mabiya da yawa sun gaskata ta bayyana a kan ruwan tafkin. Kowace shekara, farkon Nuwamba, ana taruwa. Ran 9 ga Agusta 1985 Paparoma John Paul na biyu ya tsallaka tafkin cikin jirgin ruwa ya je can, har ya gana da masu addinin gargajiya na garin. A wannan zuwan ne ya hau arewa har Kara, inda ya naɗa sababbin fada-fada.

Yanzu ka auna tafiyar mutumin Dapaong. Fiye da kilomita 600 ne zuwa Lome. A tsallake Oti a Mango, a wuce Kante da Kara da Bafilo, a gangara Sokode, sannan Atakpame da Notse, a shiga Lome, a juya gabas a bi bakin teku har Agbodrafo, inda masu kwale-kwale ke jira. Yini guda a mota, in ba ta lalace ba. A can kuma ba barci ake yi ba: dare ake rayawa da addu'a da waƙa da jan carbi, mutane na layi suna faɗa wa fada zunubansu, da safe a yi babbar sujada, sannan a kama hanyar gida. Wata ta je ne neman haihuwa, wani cika alkawari ya je yi bayan ya tashi daga ciwo. Kuɗin motar sau da yawa karo-karo ne na wata da watanni, kuma Nuwamba kaka ce, ka san abin da ake bari a gona.

Wannan nisan yana cikin abin da ya sa kowane yanki ya nemi nasa wurin a kusa. Mutanen Dapaong suna da Daluag, wanda sunan da aka ba shi da Faransanci ke nufin Maryamu ta maɓuɓɓugan ruwa. Na Sokode suna zuwa Sotubuwa. A Alejo akwai gidan keɓewa tun 1961, inda mutum kan yi kusan mako cikin shiru, ba hira, ba ciniki. Wasu kuma iyaka suke tsallakawa, kamar ku: su je kogon Arigbo a Dasa-Zume cikin Binin, wanda aka buɗe a 1954, ana taruwa a watan Agusta, ko su je tudun Yagma kusa da Wagadugu. Lura da wuraren nan: tafki, idon ruwa, kogon dutse, tudu. Makiyayi ya san irin waɗannan wurare tun kafin a kafa musu gicciye, kuma a nan ake iya samun saɓani, ranar da dubban mutane suka sauka kusa da inda garke ya saba bi. A ganina abu ne mai sauƙi: ranakun nan ba ɓoyayyu ba ne, ana shelarsu a coci tun da wuri, ardo ko sarkin zango zai iya tambaya ya sanar da mutanensa. Mai sayar da ƙosai da mai tsire ma ba su ƙi jin ranar ba.

Abin da ya sauya tafiyar a 'yan shekarun nan kun fi kowa saninsa. Ran 15 ga Fabrairu 2019 'yan bindiga suka far wa shingen duwan na Nohao, cikin Burkina, jim kaɗan bayan Sinkase. Suka kashe ma'aikatan duwan, suka kashe wani tsohon fada ɗan Sifaniya, Antonio César Fernández, wanda ke komawa Wagadugu daga wani taro a Lome. Shekaru da yawa ya yi yana aiki a Togo. A Nuwamban 2021 aka kai hari Sanloaga cikin Kpenjal, a Mayun 2022 aka kashe sojojin Togo takwas a Kpekpakandi, a watan Yuni na shekarar gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a dukan yankin Savanes. Tun daga nan shingaye suka ƙaru, tafiyar dare ta zama abin tsoro, wasu ƙauyukan gabas suka watse, da Kiristansu da Musulminsu. Motar masu ziyara a layi ɗaya take tsayawa da motar albasa da ta shanu, kowa ya sauko ya nuna takardarsa ga soja ɗaya, sannan a ɗaga sanda a wuce Mango.