Jirgin Bellview na 2005: Bam Ne Ko Sakaci? (Zare)

1/ Daren Asabar, 22 ga Oktoba 2005, ana tsakiyar azumi, jirgin Bellview mai lamba 210 ya tashi daga Legas zai je Abuja da mutum 117. Bai fi minti uku a sama ba aka daina jin ɗuriyarsa. Ƙasar nan ta kwana ba ta san inda yake ba. Har yau ba a ga baƙin akwatinsa ba. Ku biyo ni.

2/ Abin da ya jawo zaren nan: na je hutu gida Kasuwar Daji, muna teburin mai shayi, gardama ta kaure kan jirgin Malesiya da ya ɓace. Wannan ya ce Amurka ta sace shi, wancan ya ce aljanun teku. Sai kawuna ya ce: "Ku bar na Malesiya. Namu da aka sa ma bam, wa ag gaya muku gaskiyarshi?"

3/ Na ce, "Kawu, wane namu?" Ya ce Bellview. Ni lokacin ina goye, ban san komai a kai ba. Da na koma makaranta na zauna na bi labarin tun daga tushe. Na tarar Kawu yana da gaskiya a wani wuri, a wani wurin kuma bai da ita.

4/ Jirgin ƙirar Boeing 737-200 ne, fasinja 111, ma'aikata 6. Ya tashi wajen ƙarfe 8:35 na dare, ga hadari ya haɗu a yankin. Masu kula da zirga-zirgar jirage suka yi ta kira, shiru. 'Yan'uwa suna filin jirgin Abuja suna jiran saukarsa, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba.

5/ Washegari Lahadi aka ba da sanarwar an gano shi a Kishi, can arewacin Jihar Oyo. Har wani kakakin gwamnatin jihar ya ce fiye da rabin mutanen suna da rai. Kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Ku yi tunanin uwar da ta ji wannan ta yi sujadar godiya.

6/ Ashe babu jirgi a Kishi. Yana ƙauyen Lisa a Jihar Ogun, ƙasa da kilomita 30 daga inda ya tashi. An tafi nemansa ɗaruruwan kilomita alhali yana bayan gida. Ya soka kai ƙasa ya haƙa rami mai zurfin kusan mita tara. Ko mutum ɗaya bai tsira ba.

7/ Tashar AIT ta isa wurin ta nuna hotuna. Sai hukumar kula da kafafen watsa labarai ta rufe ta tare da rediyon RayPower, wai hotunan sun yi muni. An buɗe su ba da jimawa ba, amma aikin gama ya gama. Talaka ya ga an toshe bakin waɗanda suka nuna inda jirgin yake.

8/ Ga kuma waɗanda ke ciki. Akwai Waziri Mohammed, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda layinta ya zo ya ƙare a Ƙauran Namoda, kuma na hannun daman Obasanjo. Akwai Abubakar Musa Argungu, shugaban gidan waya na ƙasa. Akwai Janar Cheick Oumar Diarra na Mali, babban jami'i a ECOWAS.

9/ A ranar Lahadin dai aka sanar da rasuwar matar shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, bayan tiyata a Sifaniya. Lokacin kuma maganar tazarce ta fara ɗumi. Mutane suka haɗa wannan da wancan suka ce ruwa ba ya tsami banza, an kawar da wani ne aka haɗa da bayin Allah.

10/ Sai babbar magana: na'urorin nan biyu da ake kira baƙin akwati, mai naɗar muryar matuƙa da mai naɗar bayanan tafiyar jirgi, ba a same su ba. A ƙasa fa ya faɗi, ba a teku ba. Wasu suka ce 'yan wawaso ne suka ɗauke, wasu suka ce da gangan aka ɓoye.

11/ To me hukuma ta ce? Hukumar binciken haɗurran jiragen sama, AIB, ba ta fitar da rahoton ƙarshe ba sai 2013. Sama da shekara bakwai! Yaron da aka haifa daren haɗarin ya shiga firamare kafin a ce wa maraya ga abin da aka gano game da mutuwar ubansa.

12/ Kuma rahoton ya fito fili ya ce ba a samu hujjar da za ta tabbatar da musabbabin faɗuwar ba. Batun bam an bincika, don an ga alamun ƙuna a wasu ɓaraguzan. An kai su Amurka, FBI ta gwada, ba ta samu burbushin abin fashewa ba.

13/ Amma akwai abin da aka gano, wanda ba a cika faɗa a majalisa ba. Jirgin yana da matsalolin da bai kamata a bar shi ya tashi da su ba. Babban matuƙin ya yi sama da shekara goma ba ya tuƙi kafin ya dawo aiki, kuma horon da ya samu da ya dawo bai wadatar ba.

14/ A nan na rabu da Kawu. Mai cewa bam ne bai da shaidar bam. Abin da ke hannunsa shi ne ƙaryar Kishi, rufe AIT, ɓatan akwati da jinkirin rahoto. Duk gaskiya ne, amma shaidar sakaci ne da rashin iya aiki. Tsakaninsu da "an dasa bam" akwai rami, kuma zato ne kawai ke tsallake shi.

15/ Kafin wani ya ce na zama ɗan koren gwamnati: a'a wallahi. Zargin bai faɗo daga sama ba. Wanda ya ce maka ɗan'uwanka na da rai da safe, ya dawo da yamma ya ce ya mutu, shi ya koya maka ƙin yarda da shi. Hukuma ce ta yi shukar, jita-jita ta girbe.

16/ Ku duba wanda ya fi kusa da mu. 11 ga Yuli 1991, jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, lokacin Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato. Ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. Bincike ya gano tayoyi ne marasa isasshiyar iska suka fashe wajen tashi, aka naɗe su ciki suna ci da wuta.

17/ Iskar taya fa, jama'a. Abin da mai faci a tashar Ƙaura zai iya dubawa. An san tayoyin ba su cika ba, aka ce a tashi kada a makara. Ba CIA, ba tsafi. Gaggawa da ganganci sun kashe mutum 261.

18/ Haka jirgin ADC na 29 ga Oktoba 2006, daga Abuja zuwa Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da ɗansa Sanata Badamasi. Mutum 96 suka rasu. An yi raɗe-raɗi sosai. Bincike ya ce an tashi cikin mummunan yanayi, iska mai juyawa ta kama jirgin, matuƙan ba su bi da ita daidai ba.

19/ Na Malesiya ma, MH370, tafiyarsa ɗaya da Bellview. Ya ɓace 8 ga Maris 2014 da mutum 239, daga Kuala Lumpur zuwa Beijin. An shafe kwanaki ana nema a gabas, alhali na'urar sojojin ƙasar ta hango shi ya juya yamma. Sai bayan mako guda firaminista ya tabbatar wa duniya.

20/ Daga nan labarai suka ɓarke, har da cewa an ɓoye shi a sansanin Amurka na Diego Garcia. A Yulin 2015 teku ta turo wani ɓangaren fiffikensa tsibirin Reunion, Faransa ta tabbatar nasa ne. Rahoton 2018 shi ma ya ce ba a iya gano dalili ba. Inda hukuma ta bar giɓi, nan labari ke tsirowa.

21/ Me ya shafe mu? A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara. A Satumba aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Daga Shinkafi zuwa Zurmi kowa na da labarin jirgi mai saukar ungulu da ke sauka daji da dare. Da na tambayi masu ba ni labarin wa ya gani da idonsa, amsar ɗaya ce: "wani ya gaya mini."

22/ Illar labarin maƙarƙashiya ita ce yana wanke mai laifin da ke kusa. In ka ce manyan duniya ne suka sa bam, shi ke nan, sai Allah Ya isa, a watse. In ka ce wani ya sa hannu a takarda ya saki jirgi mai matsala, to akwai suna, akwai ofis, akwai wanda za a tsare da tambaya.

23/ Tun daga nan, duk labarin da aka turo min a WhatsApp sai na yi masa tambaya uku. Wa ya gani da idonsa? Wace shaida ce in ta fito mai labarin zai yarda ya yi kuskure? Wa zai huta in na yarda? Kuma ita ma sanarwar hukuma wannan awon nake mata, ba sani ba sabo.

24/ Na kira Kawu na zayyana masa duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce: "To na ji, ɗana. Amma akwatin hwa, ina shi ke?" Na ce wannan tambayar tana nan daram, kuma haƙƙin iyalan mutum 117 ne a amsa ta. Ya ce aƙalla mun haɗu a nan.

25/ In a gidanku akwai wanda ya bi labarin nan a rediyo a daren, ko ya rasa wani a jirgin Jidda ko na ADC, ku tambaye shi abin da ya ji da wanda ya gaya masa, ku ajiye a ƙasan zaren nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Amin.