Abdu Mumuni Jofo da Abin da Ya Bar wa Ɗalibansa

An haifi Farfesa Abdu Mumuni Jofo a Tasawa, arewa maso gabas da Agiye da Gazawa, ranar 26 ga Yuni 1929, ya kuma rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, Allah ya jiƙansa. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Dubban ɗalibai na ambaton sunan kullum, amma kaɗan daga cikinsu suka san abin da mutumin ya tsaya a kai, kuma can ne gadonsa yake.

Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, sannan a Paris, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a kimiyyar fizik, matakin da a lokacin ba a saba ganin ɗan Afirka a kansa ba. Da Gine ta ƙi tayin De Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa a 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu, yana cikin malaman Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malami. Bayan zama a Tarayyar Sobiyet da Bamako yana binciken makamashin rana, ya dawo gida a 1969 ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai.

Littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964, shi ne mabuɗin fahimtarsa a matsayin malami. A ciki ya nuna cewa lakkwal ta Nasara an gina ta ne don samar da akawu da tafinta, ta raba yaro da harshen uwarsa da sana'ar gidansu, alhali tarbiyyar gargajiya tana haɗa sani da aiki: ɗan maƙeri a bakin zuga yake koyo. Ya nemi a koyar da yara cikin harsunan Afirka, a kuma yaƙi jahilci tsakanin manya. Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa tun 1973, amma har yau yawancin yaran karkarar Agiye da Gidan Rumji da Faransanci suke fama kafin ƙafarsu ta kafu a karatu. Wannan abin takaici ne, domin an daɗe da faɗin maganin.

Aikinsa na ONERSOL ra'ayin nan ne a aikace. An ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace shi, da murhun rana: faranti mai zurfi, mai ƙyalli, wanda ke tattara haske a gindin tukunya har ruwa ya tafasa ba tare da ƙiraren ice ko ɗaya ba. Murhun bai shiga gidaje yadda aka so ba, kuma dalilan a fili suke. Sai an riƙa juya shi yana bin rana, tukunyar da ke rataye ba ta jure tuƙin muciya, tuwon dare kuma da yamma ake ɗora shi. Duk da haka tambayar da ya ɗauko, ta yadda za a yi girki ba da ice ba, daidai ce, musamman a jihar Maraɗi, inda ice ya yi tsada, mata ke hura wuta da karan hatsi, manoman Ɗan Saga kuma suka koma raya tohon itatuwa a gonakinsu.

Yau farantan sola suna jan ruwa a rijiyoyin burtsatse, suna cajin wayoyi a kasuwannin ƙauye, suna sanyaya allurar rigakafi a gidajen likita. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. Abdu Mumuni ya horar da ɗalibansa ne don su auna, su zana, su ƙera da hannunsu, kuma wannan ɓangaren na aikinsa yana nan yana jiran jami'o'in ƙasar, har da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi.