Daga gangar mai niƙa zuwa ruwa mai gari: tarihin neman sanyi ga injuna

Duk wanda ya taɓa kai hatsi niƙa a Dogondutsi, ko Matankari, ko Tibiri, ya san gangar ruwan nan da ake girkewa kusa da injin gazuwal. Tiyo biyu ne ke haɗa ta da injin. Ruwan da ya ɗauki zafi yakan yi sauƙi, ya hau ta tiyon sama ya zuba cikin ganga. Wanda ya huce kuma ya sauka ta na ƙasa ya koma. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gangar kan yi tururi tun kafin azahar, dole mai niƙa ya tsaya ya sake ruwa, mata na zaune da ƙwaryarsu suna jira. Wannan ganga, da lagireton manyan motocin da ke ratsa Arewa kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi, dangi ɗaya ne: masana na kiransu na'urorin musayar zafi. Aikinsu shi ne su raba ƙarfe da zafinsa, su miƙa shi ga ruwa, ruwa ya miƙa wa iska.

Ruwa yana iya ɗaukar zafi mai yawa, amma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Jan ƙarfe ya fi shi saurin watsa zafi fiye da sau 600. Daga nan ne wata tsohuwar tambaya ta taso: in aka zuba garin ƙarfe cikin ruwa, ruwan zai ari halin ƙarfen? A shekarar 1873 masanin nan ɗan Sikotlan, James Clerk Maxwell, ya fitar da lissafin da ke nuna yadda abu yake sauya hali idan aka warwatsa ƙwayoyin wani abu a cikinsa. Lissafi ya ce dabarar za ta yi, amma aiki ya ƙi. Garin da ake iya niƙawa a zamanin yana da gautsi da nauyi; yakan kwanta kamar yadda laka ke kwantawa a ƙasan randa, ya toshe ƙananan hanyoyi, ya ci cikin tiyo da famfo. Haka maganar ta zauna fiye da shekara 100.

Abin da ya sake tayar da ita shi ne samun hanyar yin gari mai laushin da ido ba ya gani. Ma'auninsa nanomita ne, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. Kaurin gashin kai guda yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, su kuwa ƙwayoyin nan ba su wuce 100 ba. Saboda ƙanƙantarsu, motsin ƙwayoyin ruwan kansa ya isa ya riƙa jijjiga su, ya jinkirta kwanciyarsu. A 1993 wasu masu bincike a Japan, ƙarƙashin Masuda, suka gwada garin alumina cikin ruwa. A 1995 Stephen Choi na cibiyar Argonne, kusa da Shikago a Amurka, ya raɗa wa irin wannan ruwa suna, ya ce shi ne zai zama ruwan sanyaya injuna na gobe. A 2001 abokin aikinsa Jeffrey Eastman da jama'arsa suka ba da labarin da ya girgiza fagen: garin jan ƙarfe da bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, an zuba shi cikin gilikol, sinadarin nan da ake sa wa lagireto, ya ƙara saurin watsa zafi da kashi 40 cikin 100. Wannan ya zarce abin da lissafin Maxwell ya yarda da shi nesa ba kusa ba.

Sai ɗoki ya tashi. Jami'o'i suka dinga gwaji, kowa na kawo nasa adadi, kuma adadin ba sa jituwa. Tun da gani ya kori ji, aka shirya gwaji na bai ɗaya ƙarƙashin Jacopo Buongiorno na cibiyar MIT: aka raba ruwa iri ɗaya ga cibiyoyi fiye da 30 na ƙasashe dabam-dabam, kowace ta auna da kayanta. Sakamakon ya fito a 2009. Ƙarin yana nan, amma ɗan madaidaici ne, kuma bai fita daga abin da tsohon lissafin ya hango ba. Bayan haka wasu matsaloli suka ƙara bayyana. Gari yana sa ruwa kauri, famfo kuwa sai ya ci ƙarin ƙarfi kafin ya tura shi. Ƙwayoyin kan manne wa juna su zama gudaji, daga bisani su kwanta. Ga kuma tsada. Shi ya sa har yau motocin da ke fitowa daga masana'antu da ruwa da gilikol suke zuwa, ruwa mai gari kuwa yawancin aikinsa yana ɗakunan bincike.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Don hana ƙwayoyin curewa, sai an sa musu abin da zai lulluɓe kowace ya raba ta da ƴar'uwarta, kuma cikin abubuwan da aka samu suna wannan aiki akwai ƙaro. A 2006 Yulong Ding da abokansa na jami'ar Leeds a Ingila da ƙaro suka riƙe zaren gawayi masu ƙanƙantar nanomita cikin ruwa. Mai karatu da ya yi makarantar allo zai gane dabarar nan take: baƙin tukunya ko garin gawayi, a dama shi da ƙaro, shi ne tawada. In babu ƙaro, baƙin ya kwanta ya bar ruwa fari a sama. Malaman da suka haɗa tawada ba don sanyaya inji suka yi ba, kuma ba za mu ce su suka ƙago ilimin nanomita ba. Amma matsalar da suka warware da hawayen dakwara ita ce dai ta tsaye wa masu binciken Turai a wuya.

Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a ilimin zafi. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana. Su ma musayar zafi ce, sai dai an juya manufa: can a kori zafi, nan a tara shi.

Ga mai niƙa da direba, abin da tarihin nan ya bari mai sauƙi ne. Ba kowane gari ne ke gyara ruwa ba. Ruwan tabki mai laka, ko na rijiya mai barin farin dafi a jikin ƙarfe, rufe hanyoyin zafi yake yi har injin ya ƙone. Ruwa mai tsabta da wanke ganga a kai a kai sun fi kowane sabon haɗi araha. Ga mu malamai kuwa, kayan darasi suna bakin ƙofa. A kai ɗalibai su taɓa saman ganga da ƙasanta su ji bambanci. A cika kwalba biyu da ruwan baƙin tukunya, ɗaya da ƙaro ɗaya babu, a ajiye su a taga, a dawo bayan mako guda a duba.