Cire kan batir: gwajin da zamaninsa ya wuce

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota wurin mai gyaran waya, wanda ake kira rewaya, ya san wannan gwajin. Za a tayar da inji, a kwance kan batir, a zare shi. Idan injin ya ci gaba da aiki, sai a ce caji lafiya lau. Idan ya mutu, a ce altaneta ta ƙone. Gwajin ba ƙirƙirar banza ba ce, akwai zamanin da ya yi daidai da motocinsa. Matsalar ita ce na'urar da aka yi shi dominta ta daɗe da barin ƙarƙashin bonet.

Motocin farko ba su da tsarin caji. Da sandar ƙarfe ake murɗa inji har ya tashi, fitilunsu kuma na mai ne ko na gas. Batirin darma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana nan, amma babu abin da ke mayar masa da wutar da ya bayar a kan hanya. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai tsarin da Charles Kettering ya haɗa: lantarki ya tayar da inji, ya kunna fitilu, dainamo kuma ya riƙa cika batir. Ford ya sanya wa Model T irin wannan a 1919.

Dainamo ya yi mulki kusan shekara hamsin. Wutar da batir ke karɓa, mai tafiya ta fuska ɗaya, ita yake fitarwa kai tsaye, kuma ɗan maganaɗisun da ya saura a ƙarfensa ya ishe shi fara aiki. Abin da ke daidaita wutarsa akwati ne mai sifirin da ƙarafa masu haɗuwa da rabuwa. Babu wani abu mai laushi a ciki, don haka zare kan batir bai cika yi masa lahani ba. A nan gwajin ya samo asali.

Sai dai dainamo yana da rauni: idan inji na tafiya a hankali, kusan ba ya caji. Da motoci suka ƙaru da rediyo da manyan fitilu, cunkoson birane kuma ya tsananta, sai ya kasa. Komawa daga volt 6 zuwa volt 12, wanda motocin Amurka suka yi a shekarun 1950, Volkswagen Beetle kuma a 1967, ya rage wahalar amma bai kawar da ita ba. Mafita ta zo daga dayod na silikon, ɗan abu mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. A 1960 kamfanin Chrysler ya sanya altaneta a motarsa Valiant. Altaneta tana samar da wuta mai kai-da-komo, dayod shida su miƙar da ita, kuma tana caji ko da inji na tsaye yana aiki. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, masana'antar motoci ta riga ta karkata ga altaneta, amma hannun masu gyara da yawa a kan dainamo ya goge, kuma haka suka koya wa yaransu.

A motar altaneta, batir ba rumbun wuta ba ne kawai. Shi ne ke shanye duk wani tashin wuta na ba-zata. Idan aka zare kansa inji na aiki, ƙarfin wutar kan yi tsalle ya ninka na ƙa'ida sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Hakan na iya ƙona dayod da regileta, a motocin da suka zo daga baya har da kwamfutar inji. Ga shi kuma gwajin ba ya faɗin gaskiya: altaneta mai rauni na iya riƙe inji alhali ba ta iya cika batir.

Abin da ya maye gurbinsa ƙaramar mita ce mai araha. Lafiyayyen batir da ya huta yakan nuna kusan volt 12.6. Idan inji ya tashi, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ƙasa ya tsaya, caji ya gaza. In ya haura 15, regileta na dafa batir, kuma a zafin bazara irin namu ruwansa zai ƙafe da wuri. Kafin a zargi altaneta, a duba bel ko ya saki, a kankare tsatsar kan batir, a tabbatar wayar da ta haɗa inji da jikin mota ba ta ruɓe ba. Sau da yawa gawayin burushi ne ya cinye, gyaran da bai kai kuɗin sabuwar altaneta ba.

Akwai abu biyu da ke ruɗar mutane. A tsofaffin motoci da dama, ta cikin jar fitilar batir da ke gaban direba ake ba altaneta wutar fara aiki. Idan ƙwan ya mutu, caji na iya ƙin farawa, kuma babu gargaɗi. Shi ya sa ya kamata fitilar ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Na biyu, dayod da ya lalace kan bar wuta ta tsiyaye da dare, a wayi gari mota ta ƙi tashi. Mai mota ya sayi sabon batir, bayan mako biyu shi ma ya kwanta: an bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka idan mai gyara ya kai hannu zai kwance kan batir alhali inji na ruri, a dakatar da shi cikin mutunci, a nemi ya ɗauko mita. Ilimin da ya gada na gaskiya ne, amma na wata motar ce.