Agajin Jinƙai da Tallafin Mata a Daddara da Yankin Jibiya

Daddara gari ne a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Magamar Jibiya ta shiga Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya da fatake. Agajin da ake kai musu kashi biyu ne: na gaggawa, wato abinci da magani da matsuguni, da kuma na raya ƙasa, wato ilimi da jari da sulhu. Mata da ƙananan yara su ne mafi yawan masu karɓarsa.

Asalin buƙata

Satar shanu da garkuwa da mutane da hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, suka raba manoma da gonakinsu. Mata da yawa sun rasa mazajensu, nauyin gida ya dawo kansu. Ana cikin haka aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe iyaka kasuwa takan mutu, cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da abincin sayarwa da mata ke riƙe gida da shi ya tsaya.

Agajin gaggawa

Tun 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka Maraɗi. Dangi da mutanen gari ne suka fara saukar da su, kafin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofishi a Maraɗi a shekarar ta 2019. Hukumar ta mayar da wasu nesa da bakin iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makawo da Cadakori.

Ɗaya daga cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a yankin ita ce tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara yaƙi da ita a Jihar Katsina a 2021. Tsarin ya dogara ne ga uwa: ana auna damtsen yaro, in ciwon bai tsananta ba a ba ta haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari ta ciyar da shi a gida, tana dawowa awo. Wanda ya galabaita shi ake kwantarwa a asibiti. A Maraɗi aka gwada wannan hanya da yawan gaske lokacin yunwar 2005. A watan Yulin 2025 MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, lokacin da Amurka da wasu ƙasashe suka rage kuɗin tallafi.

Tallafin raya ƙasa

Katsina na cikin jihohi 7 da suka fara shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 a kan dala miliyan 500. Shirin yana gina ajujuwa da gyara su, yana kuma ba iyaye kuɗi don 'yan mata su kammala sakandare. Matan yankin ma suna da nasu tsarin tun asali, wato adashi da kiwon awaki, kuma ƙungiyoyin taimakon kai da kai a kansa suke ɗorawa.

Ƙalubale

Shekara da shekaru tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya fi karkata ga Borno da Adamawa da Yobe, Arewa maso Yamma ba ta samu kaso daidai da buƙatarta ba. A farkon 2025 al'ummar Jibiya ta ƙulla sulhu da 'yan bindiga, hanyoyi da kasuwanni suka fara farfaɗowa. Magani yana ceton yaron da tamowa ta kama, amma hana ta dawowa sai manomi ya koma gonarsa lafiya, iyaka ta zauna a buɗe, mace kuma ta samu jarin kanta.