Baƙo Ko Ɗan Gari? Tarihin Son Kai A Aikin Ɗan Sanda A Nijeriya

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A shekarar 2024, sa'ad da Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka zauna a Abuja suka sake tayar da batun kafa 'yan sandan jihohi, mutane sun rabu gida biyu. Wasu suka ce ai ɗan gari ne ya san lungu da saƙon garinsu, shi zai iya gane ɓarawo tun daga nesa. Wasu kuma suka ce idan aka ba gwamna 'yan sanda, to ɗan adawa sai ya kwana da takalminsa a ƙafa. Abin da ya sa muka ɗauko alƙalami shi ne, wannan gardama tsohuwa ce, kuma ƙasar nan ta riga ta gwada hanyoyin nan biyu, ta ɗanɗani zaƙi da ɗacin kowacce.

Bari mu fara da baƙo. Bayan da Turawan Ingila suka karɓe Ikko a 1861, sai suka ga suna bukatar masu tsaro waɗanda ba su da dangi a garin. A 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wasu mazaje, yawancinsu bayi ne 'yan Arewa da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, ya ba su bindiga da kaki. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover, ko da yake a cikinsu har da Nufawa da Barebari da sauran masu jin Hausa. Daga baya an kai su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da ake kira Ghana a yau, kuma a can ma Turawa suka kafa runduna irin wannan.

Dabarar Bature a fili take. Mutumin da ba ya jin harshen gari, ba shi da suruki ko kawu a kasuwa, kuma cinsa da shansa suna hannun wanda ya ɗauke shi aiki, ba zai yi nauyin hannu ba idan aka ce ya daka. Turawan sun zo da wannan dabara ne daga Ailan, inda suka hana a tura ɗan sanda aiki a gundumar da aka haife shi. Saboda haka tun daga tushe talaka ya ɗauki ɗan sanda a matsayin ɗan aiken gwamnati, shi kuma ɗan sanda ya ɗauki talaka a matsayin abin tuhuma. Ko bayan da aka haɗe rundunar Kudu da ta Arewa a 1930 aka sami Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, hali bai sake ba. A ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, bisa umarnin wani jami'i Bature, aka kashe mutum 21 da ke neman haƙƙin guminsu.

A cikin rundunar kanta ma akwai wariya. Manyan muƙamai na Turawa ne, baƙar fata kuwa ya daɗe yana ƙarewa a ƙasa komai ƙwazonsa. Sai a 1964, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar. Kam Selem ya gaje shi a 1966, shi ne ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera.

To, mu juyo ga ɗan gari. A nan Arewa, tun kafin zuwan Turawa sarakuna suna da dogarai, kuma Turawa suka bar su a ƙarƙashin En'e. Daga baya aka fitar da 'yan doka, aka ba su kaki da horo irin na zamani, aka kuma riƙa ɗora 'ya'yan sarauta a kansu don aikin ya yi kwarjini. Alal misali, Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya zama sarki, haka nan Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962. Ɗan doka yana jin harshen mutane, ya san gidan kowa, ya san wanda ya shigo gari jiya. Dattawanmu da yawa har gobe suna yaba yadda ake gano kayan sata cikin ƙanƙanen lokaci a wancan zamani.

Amma fa wannan sani da ya zama alheri, shi ne ya zama masifa da siyasar jam'iyyu ta shigo. Daga kafuwar NEPU a 1950, magoya bayanta sun sha kamu da duka da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai, sau da yawa a kan yin taro ba izini, izinin kuwa yana hannun En'e, wadda ke tare da jam'iyyar NPC mai mulki. A ƙasar Tibi, irin wannan matsi a kan magoya bayan UMBC yana cikin abubuwan da suka haddasa tarzomar 1960 da ta 1964. A Jihar Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun yi wa masu mulkin can irin wannan hidima. Ashe ɗan gari ma yana iya zaluntar ɗan'uwansa, har ya fi baƙo iyawa, domin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ƙananan ƙabilu sun kai kukansu gaban Hukumar Willink, wadda ta fitar da rahotonta a 1958, ta ba da shawarar a riƙe runduna guda ta tarayya. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka ɗauki matakin rushe 'yan doka, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar tarayya. Tsarin mulkin 1999 ya zo da sashe na 214 da ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda daban, tare da ƙa'idar raba daidai, wato a ɗauki ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa.

Wannan ƙa'ida ta yi amfani, domin babu wata ƙabila da za ta ce runduna ta ubanta ce. Duk da haka son kai ya sami wasu hanyoyin ɓullowa. Mata sun fara shiga aikin a 1955, amma dokokin rundunar sun tilasta wa 'yar sanda neman izini a rubuce kafin ta yi aure, abin da ba a nema daga namiji, har sai da Babbar Kotun Tarayya ta soke wannan sharaɗi a 2012. Haka kuma zanga-zangar Oktoba 2020, wadda ta sa aka rushe sashen SARS, ta taso ne daga koken matasa cewa ana tare su saboda askinsu ko suturarsu ko wayar da ke hannunsu. Masu tarewar da waɗanda ake tarewa sau da yawa harshensu ɗaya.

Darasin da muka tsinta a wannan tarihi ke nan. Haɗa jinsuna da ƙabilu da addinai a cikin runduna wajibi ne, domin jama'a ba sa sakin jiki da hukumar da ba su ga fuskar nasu a cikinta ba, kuma ɗan sandan da ba ya jin harshen mai ƙara ba zai rubuta ƙarar daidai ba. Amma Hausawan Glover da 'yan dokan En'e, duk da bambancin asalinsu, ciwonsu ɗaya ne: kowannensu yana kallon wanda ya naɗa shi ne kawai, talaka kuwa ba shi da inda zai kai kuka a saurare shi.

Saboda haka duk lokacin da aka ɗauko maganar wa za a ɗauka aikin ɗan sanda, baƙo ko ɗan gari, ya kamata mu haɗa da wasu tambayoyin. Wa zai naɗa shugabansu, wa kuma zai iya tuɓe shi? Wa zai biya su albashi? Idan suka ci zalin ɗan adawa, ko baƙon da ke Sabon Gari, ko macen da ke aiki a cikinsu, wace hukuma ce mai zaman kanta za ta bi musu haƙƙinsu? Iyayenmu sun biya kuɗin wannan karatu da jikinsu, wasu da rayukansu, bai kamata a ce 'ya'yanmu su sake biya ba. Allah ya sa mu gane.